Zuwa Ga Bazazzagin Da Ya Yi Digiri A Kallon Fim

Tanimu, bawan Kanawa, barka da arziki. Hotonka ya iso, har an kai wa Hajiya ta sa tabarau ta duba. Ga ka nan cikin burmemiyar rigar nan ta masu kammala digiri, hula mai kusurwa huɗu ta karkace a ka, baki har kunne. Ta tambaye ni karatun me ka gama, na ce mata adabi da fim. Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, “Shi kallon ma yanzu sai an je jami'a?” Na ce ai Bazazzagi ne, Hajiya, su ko tari ne sai an rubuta musu a allo sun kwafa.

Ita dai an gaya mata gaskiya. Babanku kuwa, Allah ya ƙara masa haƙuri, tun ranar da ka sa ƙafa a Samaru yake juya zance a majalisarsu ta ƙofar gida. Yau ya ce Turanci kake karantawa, gobe ya ce aikin jarida, ranar da aka matsa masa ya ce harkar sadarwa ce dai ta zamani. Ban ga laifinsa ba. A ƙasar nan in ka ce ɗanka likita zai zama, a ce masha Allah. In ka ce lauya, a ce Allah ya taimaka. In ka ce wasan kwaikwayo da fim, sai a dafa kafaɗarka a ce Allah ya shirya mana zuri'a. Ga shi kuma karatun da aka ce shekara huɗu ne ya miƙe ƙafa har shida, domin yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci wata tara, ga korona a kai, na 2022 kuma ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Kana kwance a ɗakin zaure kana sauraron rediyo ko an janye, a Kano aka fara haska Labarina, aka gama zango aka shiga wani. Mu ba ma yajin aiki, Tanimu. Wanda bai fita ɗaukar fim yau ba, gobe babu cefane.

Abin da karatun ya fara yi maka shi ne ya sa ka hana bayin Allah kallo cikin kwanciyar hankali. Hutun Sallar da ka zo mana kana aji biyu, an taru a falo, yara a ƙasa, manya a kujera, fim ya ɗauki zafi, miji ya tsare matarsa da tambayar wasiƙar da ya tsinta a ƙarƙashin filo. Sai kawai ka ɗauki rimot ka tsayar da hoto. Wai an tsallaka layi. Ka miƙe, ka jera kofi biyu a kan tebur, ka shimfiɗa carbin Baba a tsakaninsu, ka shiga bayani: in mutum biyu suna magana, akwai layin da ido ba ya gani da ya haɗa su, kuma dole kyamara ta tsaya a gefe ɗaya na layin nan. In ta tsallaka, mai kallo zai ga su biyun suna duban waje ɗaya, sai ka ce ba da juna suke ba. Ka mayar da hoton baya, aka duba, wallahi haka ne, miji da mata duk gabas suka fuskanta. Hajiya ta ce ai tun da rigima suke yi, daidai ne kada su kalli juna. Sannan ta miƙa maka kuɗi ta ce ka sayo ƙanƙara, kuma ta zaɓi shagon da ya fi nisa a unguwar.

Tun daga nan kunnuwanmu ba su sake hutawa ba. Kowace hira sai ka sako Aristotle, wai labari sai da farko da tsakiya da ƙarshe, kai ka ce kafin Girkawa kakanninmu daga ƙurunƙus suke fara tatsuniya. In ka gaji da shi ka ɗauko Eisenstein na Rasha da fim ɗinsa na 1925, Battleship Potemkin, wanda ba a magana a cikinsa, da fitowar nan ta matakalar Odessa inda sojoji ke saukowa suna harbi, keken jariri yana gangarawa shi kaɗai. Ka ce a nan aka nuna wa duniya cewa ƙarfin fim a wajen yanka hoto da haɗa shi yake: ga fuskar uwa, ga takalman soja, ga keke, in an jera su daidai sai zuciyar mai kallo ta ƙulla abin da kyamara ba ta ɗauka ba. Bayani ya yi daɗi. Sauran labarin abokin ɗakinka ne ya ba ni. A waya mai fasasshen gilashi ka kalli fim ɗin, daren jarrabawa, kana turawa gaba, ga tukunyar garau-garau a kan risho, kuma kafin keken ya kai ƙasa barci ya kwashe ka, wake ya ƙone ƙurmus. Shi ne ma ya ce littattafan da aka jera muku a farkon zango, mutum ɗaya ne ke saye a aji, sauran ku bi layin mai kwafin takardu, kai kuma ko kwafin ba ka yi, sai ka saya wa wanda ya karanta shayi da burodi ya ba ka labarin a taƙaice. Adabin baka ke nan na gaskiya.

Wuri ɗaya ne a Samaru da ko Bakano ya gani zai jinjina, wato dandalin wasanku da kuke kira Drama Village. Ginin ƙasa ne, zagayayyun ɗakuna sun kewaye fili, ɗan kallo yana jin numfashin ɗan wasa. Sai dai ka riƙa gaya wa baƙi cewa Ba'amurke ne, Steven Ehrlich, ya zana shi a shekarun 1970, wato sai da aka taso daga Amurka aka tuna wa Zage-zagi yadda ake gini da laka. Michael Etherton da abokan aikinsa suka kafa koyar da wasan kwaikwayo a wurin a 1975, daga nan aka fita da wasa zuwa ƙauyuka, irin Wasan Manoma da aka yi a Soba. Ɗalibi zai zauna da manomi ya ji abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya, taki ne ko gona ko bashi, a ƙulla wasa a kai, a yi shi a dandalin gari, jama'a su sa baki a kan mafita. Wannan aiki ne na gaske, ba na musu.

Gudummawarka ce a wannan tarihi nake so masu karatu su sani. Wata guda kana rihazal da dare cikin sanyin hunturu, ka aiko mini saƙo lallai in zo in ga wasanka. Na biya kuɗin mota daga Unguwa Uku zuwa Kwangila. Fitowa ta farko babu kai, ta biyu babu kai. A ta uku aka shigo da makara, an lulluɓe mutum da farin ƙyalle, na gane ka ta babban yatsan ƙafarka. Mai takaba tana tsakar kuka, ƙura ta shige maka hanci, gawa ta saki atishawa, ta ƙara. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, “Yarhamukallahu!” Mai takabar kanta sai da ta juya baya tana girgiza. Da aka tashi ka dube ni ko kunya babu, ka ce wai salon Brecht ne na Jamus, na tunatar da ɗan kallo cewa wasa yake kallo.

Ta ɓangaren adabi kuwa, nan kuke ɗaga hanci, wai a garinku aka haifi littafin Hausa na boko. To zauna mu yi lissafi, tun da lissafi namu ne. Gaskiya ne a Zariya Rupert East ya zauna da ofishinsa na fassara da talifi, kuma daga nan aka shirya gasar 1933 da ta fito da littattafai biyar ɗin da har yau ake yi muku jarrabawa a kansu. Amma su wa suka rubuta? Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ne, haifaffen Kagara, yana koyarwa a Katsina a lokacin. Ganɗoki na wansa ne, Bello Kagara. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, mutumin Bauchi. Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo ne, kuma ba sai na gaya maka ƙasar da Gwarzo take ba. Naku ɗaya ne, John Tafida na Wusasa, shi ma Jiki Magayi tare da East suka rubuta. Imam ya zo wurinku ya rubuta Magana Jari Ce, ya tare, ya riƙe Gaskiya Ta Fi Kwabo daga 1939, aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945, sannan hukumar NORLA, sannan kamfanin ɗab'i na NNPC a 1966. Injin bugawa da tawada da takarda, waɗannan na yarda naku ne. Saukar baƙi kuka iya, Allah ya saka da alheri.

Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, ai ba a jira ku ba. Samari da matan aure a Kano suka ɗauki biro, suka kai wa masu keken rubutu, suka buga da kuɗin aljihunsu, suka baza a kasuwa. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya, ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, ta biyo da Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda da girmansa ya shiga ajin boko na manya, ya rubuta In Da So Da Ƙauna, 'yan mata suka riƙa ɓoye shi a cikin littafin darasi. Suka kafa ƙungiyarsu, Raina Kama. Masana suka laƙaba wa abin Adabin Kasuwar Kano, Ibrahim Malumfashi yana sara, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suna karewa, Ibrahim Sheme ya buɗe musu fili a jarida, aka yi shekaru ana gwabzawa. Yau ga shi waɗanda aka raina ɗin su ne ake cin digiri da sunansu.

Kai ma da lokacin kundi ya yi, ina ka nufa? Kano. Take mai layi uku, wai nazarin yadda ake juya ƙagaggen labari zuwa fim, ka ɗauki In Da So Da Ƙauna da Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa. Ka sauka a ɗakina da jakar goyo da rikoda, ka ci tuwon gidanmu, ka ƙarar mini da man babur tsakanin Zoo Road da Ƙofar Wambai. A kasuwa ka tambayi kaset ɗin bidiyo. Wani dattijo da a da shagonsa cike yake da finafinai har rufi, yanzu cajar waya da robobi yake sayarwa, ya dube ka sama da ƙasa ya ce, “Yaro, ko na ba ka, a me za ka saka?” Nan fuskarka ta canja, tawa ma haka. Da yawa daga finafinan farko sun tafi ke nan, zare ya manne, ƙura ta ci, babu wanda ya adana na asali, domin mu Kanawa abin da ya daina kawo kuɗi ba ma ba shi wurin kwana. A wurin wani yaro mai tura finafinai a waya ka samu kwafi dishi-dishi, rabin fuskokin sai da kirdado.

Kundi ya fito da baƙin bango da rubutun ruwan zinare. Na duba ciki: jigo, warwarar jigo, zubi da tsari, salo da sarrafa harshe. Na duba madogara: Abdulƙadir Ɗangambo, Sa'idu Gusau, Hausa A Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya. Ashe hatsin namu ne, mudun da ka auna shi ma a Bayero aka ƙera. Sai na koma shafin godiya. Ga iyaye, ga mai duba kundi da jan bironsa, ga 'yan ɗaki, ga mai shayin bakin ƙofa, har da wata “ta musamman” ta Amina Hall da aka sakaya sunanta. Mai babur da tuwo babu shi ko a ƙasan shafi.

Sai fim ɗinka na gwaji, minti bakwai. Kyamarar aro ce daga mai ɗaukar bikin aure, da sharaɗin ta dawo kafin la'asar don akwai kamu. Labarin kuwa, wani tsoho ne zaune a bakin rijiya yana kallon guga. Shi ke nan. Ba magana, ba waƙa, sai abin da ya shigo da kansa: babur, injin markaɗe, da wata akuya da ta fi kowa nuna ƙwazo. Ka tace shi a kwamfutar da batirinta ya mutu, aka ɗauke wuta kafin ka adana, ka sake daga farko. Da na tambaye ka to me ya samu tsohon, ka ce ai tambayar ita ce fim ɗin, ka kafa mini hujja da Sembene.

To bari in ba ka Sembene naka. Usman Sembene na Senegal ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa ta Marseille. Ya rubuta littattafai da Faransanci, ya lura mutanen da yake yi dominsu ba sa karantawa, ya tafi Mosko ya koyi fim yana dab da shekara arba'in, ya dawo ya yi Mandabi a 1968 da harshen Wolof. Labarin wani magidanci ne da aka aiko wa takardar kuɗi daga Faransa, ba shi da katin shaidar da zai karɓa, yana yawon ofis-ofis, gari kuma ya riga ya ji ƙanshin kuɗin. Akwai mata biyu, akwai masu bin bashi, akwai dariya mai ɗaci. Tsohuwa a ƙauye za ta gane ba tare da an tsayar mata da hoto ba. Hanyar da 'yan ƙungiyar Tumbin Giwa suka bi ke nan da Turmin Danya a 1990, ba su je Mosko ba, kuma kafin shekara goma mujallar Tauraruwa ta raɗa wa masana'antar suna Kannywood. Kai da ka haddace matakalar Odessa, sai da na tuna maka cewa nan maƙwabta a Nijar Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kan Sarauniyar Lugu da ta tari sojojin Faransa a 1899, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu shekarar da ta biyo. Littafi zuwa fim, ainihin batun kundinka, ga shi a ƙofar gida, amma ba ya cikin babi na biyu. In ƙara maka haushi? Ali Nuhu, da aka naɗa shugaban hukumar finafinai ta ƙasa a 2024, labarin ƙasa ya karanta a Jami'ar Jos. Marigayi Rabilu Musa Ibro gandiroba ne kafin ya sa Arewa dariya. Ku Ƙasimu Yero kuka ba mu, Allah ya jiƙansa, shi kam ya isa ya fanshe ku.

Na san me za ka ce. Za ka ce a 2016 gwamnatin tarayya ta zo za ta gina mana alƙaryar fim a Ƙofa, muka tashi da huɗuba da surutu har aka janye. Za ka ce muna kwasar labarin Indiya mu kafa masa hula. Za ka ce a fim mai dogon zango sai a yi minti goma ana gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, ya yara, ya mai jiki, don lokaci ya ja talla ta shigo a YouTube, labarin da zai ƙare a kashi goma sha biyu a kai shi ɗari. Duk an ji. Ciwon ma ka gano shi daidai. Kyamarori masu kyau sun shigo, masu tacewa sun goge, wanda ya yi ƙaranci shi ne mai zama ya ƙulla labari ya san inda zai tsaya. Shi ya sa rubutun fim ɗin da ka aiko na karanta shi har ƙarshe, ban ba mai ƙosai ta naɗe ba.

Shafi ɗari da ashirin. A ashirin na farko babu wanda ya ce uffan, iska ce ke kaɗa labule, furodusa zai ɗauka injin ne ya ƙi fitar da maganganun. Can gaba ka rubuta cewa dawaki ɗari biyar suna sukuwa cikin ruwan sama. A takarda layi ɗaya ne, amma ban san wanda zai saya wa dawakin dusa ba, balle wanda zai kawo ruwan. Jarumarka wai 'yar cikin badala ce, amma tana buɗe baki ta ce wa miji, “Ni ne matanka.” Wannan Tudun Wadar Zariya ce ta leƙo, a gyara. Wajen da saurayi ya riƙe mata hannu a bakin dam kuwa, ka manta akwai hukumar tace finafinai a Kano tun 2001. Raba su, ka bar tazarar da babur zai wuce.

Amma akwai fitowar uwa. Dare ne, ɗanta zai koma makaranta da asuba. Ta kwance bakin zane, ta jera kuɗin adashe a tabarma, ta ƙirga, ba su kai ba, ta sake ƙirgawa a hankali ko za su ƙaru. Shi yana bakin ƙofa yana gani, sai ya koma da baya zuwa zaure ya yi gyaran murya, don ta samu ta tattare kafin ya shigo. Nan ma babu magana, amma wannan shirun ya sha bamban da na tsohon rijiya. Na karanta wa Hajiya, ta ce a ina Bazazzagi ya ga wannan? Na ce a gidansu mana, ba a Odessa ba dai.

Na kai wa wani furodusa a Zoo Road. Tambayoyinsa uku ne: wa zai ja fim ɗin, waƙa nawa, zango nawa zai kai. Sunan Aristotle bai fito ba. Ya ce fitowar uwar ta yi, sauran sai an zauna. Ka taho ranar Litinin, ka haɗo da kuɗin sharar bana da na bara, kuma kada ka fara mini gardamar wa ke bin wa. Kafin a zauna kan rubutun naka, ya ce akwai fim ɗin da suke ɗauka a Tiga, suna neman wanda zai fito a gawa. Na ce masa ina da ƙwararre, mai digiri ma. Zancen atishawa ban yi masa ba, kai ma ka kama bakinka, da hancinka.